Kayan Kaen Suna Wurina

Laraba, 15 ga Janairu, da yamma

Baban Kaen, yau na wanke ka, kuma yau na gane.

Ba su bari a kawo ka gida ba. Wanda ya mutu a kan titi ba ya shiga ƙofar gidansa, daga asibiti haikali aka wuce da kai. A bayan ɗakin taro muka yi maka wanka, ni da yayarka Samniang. Da na kwance maɓallan rigarka sai na ga tabon bel, baƙi ƙirin, ya taso daga kafaɗar hagu, ya ratsa ƙirji ya sauka. Na daɗe riƙe da tsumma ina kallonsa. Shekara nawa ina ganin ka a kujerar direba, can dama, kana jawo bel ta kafaɗar dama, abokanka na yi maka dariya wai direban rake da bel kamar ɗan makaranta. Kujerar hagu ce take bar wa mutum tabo a hagu.

Ɗanmu ya ce wa 'yan sanda kai kake tuƙi, shi yana barci a gefe. Haka suka rubuta. Ɗanmu kuwa tun jiya ba ya iya sunkuyawa, yana tafiya dafe da tsakiyar ƙirji, daidai inda sitiyari yake kai wa mutum.

Yaya Samniang ta ga inda idona yake. Ta karɓe tsumman, ta ja farin ƙyalle ta rufe ka har wuya, ta ce, "Lamduan, mutane na jira su zuba masa ruwa a hannu." Na ce to.

Na zuba maka ruwa a hannun dama kamar kowa. Ban bari hawayena ya ɗiga a jikinka ba, kada ya riƙe ka a hanya.

Alhamis, 16 ga Janairu, da hantsi

Kowa yabon Kaen yake. Shi ya kafa rumfa, shi ya jera kujeru, ya wanke kofunan baƙi, ya gama ya sake wanke su. Tsohuwa mai sayar da gawayi ta ce mini, "Kin haifi ɗa, Lamduan. Dubi ƙwazo." Na yi murmushi na gode.

Bai runtsa ba tun da abin ya faru. Na miƙa masa kwandon shinkafa, ya ce ya ƙoshi. Muƙamuƙinsa na ta motsi kamar mai tauna, alhali babu kome a bakin. Da ya gifta kusa da ni na ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a rigarsa, kamar alewa ta ƙone. Na san ƙamshin. Na daɗe ina jin sa a bayan rumbunmu ina cewa turaren samari ne.

Ana ta ƙona gonakin rake, baƙar toka na sauka a kan kome. Na goge akwatinka, na sake gogewa.

Juma'a, 17 ga Janairu, da safe

Na gasa kifi biyu kamar kullum. Naka na nan.

Juma'a, da yamma

Muna dakan ɗanyar gwanda ta baƙi a bayan haikali, ƙarar taɓarya na rufe maganarmu, na ce, "Yaya, tun yaushe?"

Ba ta ce tun yaushe me ba. Ta ƙara barkono. "Tun raken bara."

"Wa da wa ya sani?"

"Ki dai ce wa bai sani ba. Har mai gawayi."

"Ita da ta ce mini na haifi ɗa?"

"To me za ta ce miki a wurin makoki? Kin haifi ƙwaya? Kara muka yi miki. Wa zai tsaya a gabanki ya zubar miki da mutunci?"

Na ce, "Kun tsare mini mutunci kam. Ga shi can kwance a akwati."

Sai ta zuba daddawar kifi a turmi ta ce, "Abin nan ba baƙo ba ne a garin nan. Kafin a sa wa ƙwayar suna yaba, maganin doki muke ce mata, a gidan mai direbobi suke saye. Ƙanena ma, mijinki, ya sha lokacin da yake kai kaya Bangkok. Da aka haifi yaron nan ya bari, ya koma tauna ganye. Babanmu kuwa farar giya da garin maganin ciwon jiki, kowace safiya. Kowane zamani da abin da yake tura talaka gona. Ba don daɗi suke farawa ba, layin kamfanin sukari ba ya jiran mai barci."

Na ce ai mijina da ya sani da ya faɗa mini.

Ta ce, "Kin ɗauka me ya mai da mutum mai ciwon baya cikin mota, bayan ya aje tuƙi? Son yawo?"

Ashe gadi kake yi. Kai ma kara ka yi mini. Ina fushi da kai, ban san inda zan kai fushin ba.

Asabar, 18 ga Janairu, da tsakar rana

Ba jibi ba, gobe ne za a ƙona ka. Na ce wa Kaen ya shirya, da safe za a yi masa aski ya ɗaura rawayar malaman haikali, ya ja akwatin babansa zuwa wuta kamar yadda kowane ɗa yake yi, ladan ya raka ka. Yini ɗaya ne, da yamma ya cire.

Ya ce, "Mama, a sa ɗan Gwaggo Samniang."

"Shi babanka ya haifa?"

"Rawaya ba ta karɓar kowa."

Na san abin da yake nufi. Ban yi nisa a makaranta ba, amma tun muna yara muke jin wanda ba a ɗaura wa rawaya har abada, wanda jinin mahaifinsa ke hannunsa. Na kama hannun rigarsa na ja shi wurin Luang Pho, babban malamin haikalinmu, muka same shi yana zuba wa karnuka ƙanzo.

Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kaen, ka rame. Wannan gurgun karen nawa ya fi ka nama. Zauna."

Na koma gindin tsamiya na ba su wuri. Ban ji abin da yaron ya faɗa ba, kansa a ƙasa yake, ya daɗe yana magana. Muryar Luang Pho ce take da ƙarfi saboda kunnensa ya yi nauyi, ita na ji. "Ka nufa?" Yaron ya girgiza kai. "To mu nufi muke tambaya. Sauran kuwa kaya ne, kai za ka ɗauka, da rawaya ko babu. Gobe ka zo da wuri, askar tawa ba ta da kaifi."

Lahadi, 19 ga Janairu, da yamma

An yi.

Ni na fara yanke masa tsinin gashi, na zuba a ganyen bado. Suka aske kai, suka aske gira. Da ya fito cikin rawaya sai na ga kunnuwanka a jikinsa, ban taɓa lura ba. Yanzu ba a ce masa Kaen, Nen ake ce masa kamar kowane sabon shiga. Na durƙusa na haɗa hannu na gaishe shi, ni da na haife shi. Daga yau mace ba ta taɓa shi, ko uwarsa.

Ya riƙe farin zare yana gaba, akwati na baya, muka zaga wurin ƙona. Aka fasa kwakwa aka wanke maka fuska da ruwanta. Hayaƙinka ya tafi sama ya haɗu da na rake.

Yanzu ga abin da na yi. Ana cikin sa furanni a wuta na zagaya ɗakin da ya tuɓe. Wandonsa da rigarsa da takalmansa suna kan tabarma, yana jiran yamma ya mai da su. Na naɗe su a cikin zanina na sa a jakar cefane. A aljihun wandon akwai guntun bututun shan lemo, an liƙe bakinsa biyu da wuta, ƙwayoyi ruwan goro a jere a ciki.

Da baƙi suka watse ya shiga neman kaya. Ya tambayi kowa. Luang Pho ya kalle ni, ya kalli jakar cefanen da na rungume, ya ce, "Ɓarayi sun yi yawa a haikalin nan. To, ba za mu tura ka gida tsirara ba, Nen. Ka kwana, gobe ma rana ce."

Ɗana ya kalle ni kallon da bai taɓa yi mini ba. Na tafi gida. Na kwashe sauran kayansa da ke ɗaki na kai wa Yaya Samniang ta kulle.

Litinin, 20 ga Janairu, da hantsi

Mun tsinci ƙasusuwanka daga toka. Suna cikin ƙaramin tulun tagulla a kan kanta, kusa da hoton aurenmu. Ƙanana ne ƙwarai, Baban Kaen.

Alhamis, 23 ga Janairu, da yamma

Ɗanmu barci yake. Tun Litinin barci yake, kamar wanda aka doke. Luang Pho ya ce a bar shi, jiki ne yake karɓar bashinsa. In ya farka sai ci, ya ci na mutum uku. Amma da rana ta yi tsaka an rufe baki sai gobe, haka dokar rawaya take. Da yamma na leƙa na same shi a bakin matakala yana kuka saboda yunwa, namiji mai shekara ashirin da biyu, yana share majina da gefen mayafi.

Na tsaya nesa da shi kamar tsawon tabarma. Hannuwana suka rasa abin yi, na riƙe su a baya.

Ya ce, "Ki ba ni kayana."

Na ce, "Gobe zan kawo miyar gora da ka fi so."

Asabar, 25 ga Janairu, da sassafe

Yau ya fito zagayen karɓar abinci tare da malamai, shi ne na ƙarshe a layi, ba takalmi. Na durƙusa a ƙofar gida. Da ya iso ya buɗe kaskonsa, murfin na ta karkarwa yana buga bakin kasko. Na saki dunƙulen shinkafa daga sama don kada yatsana ya taɓa. Bai dube ni ba. Ba a so su duba dama, amma na san bambancin.

Litinin, 27 ga Janairu, da tsakar rana

Mai motocin rake ya zo gaisuwa da kwandon lemo. Ya zauna a kujerarka. Ya ce kai, Yong, mutum ne, ba a samun irinka. Ya ce motar da ta faɗi kada na sa ta a raina. Sai ya ce kakar rake gajeriya ce, yana da wata mota a tsaye babu direba, yaushe yaron zai fito?

Na ce ban sani ba tukuna.

Ya yi ƙasa da murya. "Ina jin surutun da ake yi. Yara ne, 'yar uwa. Abin ɗan taimakon aiki ne, in kaka ta wuce suna bari. Ni ban taɓa ba wa kowa ba."

Yaya Samniang tana tsintar wake a bakin ƙofa, ta ce, "A'a, kai ba ka bayarwa, ranka ya daɗe. Kai dai cewa kake wanda ya yi sawu uku ya fi wanda ya yi biyu. Motocinka ne kaɗai a duniya direbobinsu ba su da fatar ido."

Ya yi dariya, ya ce bakin Samniang ya fi gwandarta yaji. Ni ma na yi murmushi, na ƙara masa ruwan sanyi, na raka shi har mota na haɗa hannu. Da ya tafi na zauna ina jin kunyar fuskata. Haka muke, murmushi ne yake fitowa ko mutum bai kira shi ba.

Lemon na kai wa karnukan haikali, su ma ba su ci ba.

Laraba, 29 ga Janairu, da yamma

Nen ya yi wa wani tsohon malami tsawa saboda tsintsiya. An ga abokansa biyu a kan babur a bayan katanga. Luang Pho ya sa an mai da tabarmarsa bakin ɗakinsa.

Alhamis, 30 ga Janairu, da safe

Kifi ɗaya na gasa yau. Ban ji daɗin tunawar da na yi ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu, da yamma

Zan rubuta wannan a hankali don kada na manta ko ɗaya.

Rana tsaka ina tankaɗe a ƙarƙashin gida sai na gan shi ya shigo, cikin rawaya, gumi na zuba, mayafin ya karkace. A guje ya zo. Bai gaishe ni ba, ya hau sama, na ji yana buɗe akwatuna, yana jan katifa. Na bi shi. Ƙunshin da na ɗauko a haikali yana ƙarƙashin kantar da tulunka yake. Na riga shi kaiwa, na zauna a ƙasa na rungume shi a cinyata.

Ya tsaya a kaina yana haki. "Mama, ba ni."

"Zo ka ɗauka."

Ya miƙo hannu, ya tsaya. Kayan suna naɗe a zanin mace, a jikin mace. Duk abin da ke cinsa, yaron da muka raina bai iya ba. Hannun ya tsaya a sama.

"To zan tuɓe na fita haka."

"Tuɓe. Mai gawayi tana bakin hanya, za ta ce na haifi ɗa."

Ya buga bango da tafin hannu, ƙirjin ya amsa masa, ya dafe wurin. Ya ce, "Ba ki san yadda abin yake ba. Cikin ƙashina yake. Rabi kawai, Mama, rabin guda, na samu na daina gani. Ko na rufe ido titin nake gani. Ba ki san abin da na..."

Na ce, "Da hannuna na wanke shi, Nen. Na ga kafaɗarsa."

Ya zauna a ƙasa yana fuskantar tulun.

Ya ce, "Ya ce na tsaya na ba shi. Tun daga gada yake cewa, ɗana tsaya, ɗana ba ni. Na ce masa garau nake."

Irin kukan da ya yi, rabona da jin sa tun yana goye. Ga shi a gabana, in na miƙa hannu zan kai kansa. Baban Kaen, ban taɓa son abu a duniya kamar na dafa askakken kan nan ba. Amma in na taɓa shi na karya abin da na tare shi da shi yanzu-yanzu, shi ma ya san haka.

Mayafinka mai gida-gida da kake ɗaurawa a ƙugu yana rataye a ƙusa. Na jawo shi na shimfiɗa tsakaninmu, yadda malamai suke shimfiɗa ƙyalle su riƙe baki ɗaya, mace ta ɗora sadakarta a ɗaya bakin. Ya gane. Ya kama bakinsa. Ni kuwa ba ni da abin ɗorawa, sai na ɗora tafin hannuna. Ina jin rawar jikinsa ta cikin ƙyallen. Muka zauna haka har inuwa ta juya.

Da ya lafa ya ce, "Da mayafin Baba ake karɓar sadaka yanzu? Warin man juye yake."

Na ce, "Shi muke da."

Ya gyara rawayarsa da kansa. Na bi bayansa da tazara har ƙofar haikali. Luang Pho yana shara, bai ɗago ba, ya ce, "Ka samo ɓarawon?"

Ya ce, "Na same ta, Luang Pho. Ta fi ƙarfina."

Talata, 4 ga Fabrairu, da hantsi

Murfin kaskon bai buga ba yau, ko kuma kaɗan. Da na saki shinkafa ya ce a hankali, "Gishiri ya yi yawa jiya." Na dawo gida ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

Ba zan ruɗi kaina ba. Yaya Samniang ta ce ɗan maƙwabcinta ya yi wata uku a rawaya, ya fito, bai yi sati ba ya koma. Likitan gunduma yana zuwa ranar Laraba, Luang Pho ya ce zai kai shi da kansa, wai rawaya tana rufe jiki ne, ba ta wanke jini.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, da yamma

Nen ya ce zai zauna cikin rawaya har a gama rake, motoci su daina wucewa. Shi ya faɗa, ba ni ba. Ya ce kuma akwai maganar da aka rubuta ba daidai ba a wurin 'yan sanda, sunan babansa ne a kanta, ba ya son ta zauna haka. Na ce masa na ji. Ban ce je ka ba, ban ce kada ka je ba. Na rasa guda, ina tsoron abin da za su yi da na biyun. Amma ba zan yi masa kara ba, na ga inda kara ta kai mu. Ran da ya tashi zuwa zan bi shi.

Na wanke wandon da rigar na shanya, na linke na mai da su cikin zanin. Bututun na kai wa Luang Pho a cikin ganyen ayaba, ya jefa a murhun da aka ƙona ka.

Ƙasusuwanka suna nan a kan kanta, ba mu kai su kogi ba, ina jiran ranar da hannunsa zai iya riƙe tulun. Ba a je wurin 'yan sanda ba. Ban taɓa ɗana ba tukuna.